Sunan Da Ban Kira Ba

Rana ta sunkuya lokacin da na fito daga gida da abu uku: doguwar sandar gora, farin zakara a cikin kwando, da rigar mijina. Mashigin kogi na nufa, in kira shi ya dawo gida. Kwana bakwai ke nan da labarin mutuwarsa ya iso mu.

Haka ake yi in mutum ya mutu a nesa ba a ga gawa ba. A ɗaura rigar da ya yi gumi a ciki a kan gora, a je bakin ruwa da farin zakara, a fuskanci inda ya faɗi, a kira sunansa da ƙarfi sau uku, sannan a juyo. Kurwarsa za ta biyo rigar. Duk gadar da aka zo sai a sake kiransa a ce ya haye, don matattu ba sa ƙetare ruwa sai an ba su izini. Ba a waiwaye. In an iso gida a binne rigar kusa da kakanninsa, ya huta, ya riƙa samun abincinsa ranar tunawa. Wanda ba a kira ba kuwa yana nan inda ya faɗi, cikin sanyi da yunwa, ba ranar tashi.

Ba wuya a aikin. Kowace mace ta ga an yi. Wuyar ɗaya ce, sunan.

Shekarar da aka kawo ni gidan Teng ita ce shekarar da sabon Ɗan Sama ya hau gadon mulki. Ana raɗawa cewa uban bai gama numfashi ba ɗan ya hau. Daga ranar, sunan da iyayensa suka raɗa masa ya haramta a bakin kowa. Wannan ba sabon abu ba ne, kowane sarki haka yake yi. Sai dai na da, in bakinka ya suɓuce, bulala ce ka tashi ka tafi gida. Wannan kuwa harshe yake cirewa, sannan a kwashe gida biyar da ke kewaye da mai laifin, yara da tsofaffi, a tura su aikin tilas na sarki, wanda daga baya ya zama Rami.

Sunan mijina ɗaya da nasa.

Magatakarda ya zo da wuƙa, ya kankare shi daga littafin gari, ya shigo har ɗakin kakanni ya kankare shi daga allon gidanmu. Ya ce daga yau sunansa Shun. Na bayansa a layin masu irin sunan ma Shun. Daga baya muka ji umarnin ke nan a duk larduna, don kar a wahalar da masu rubutu.

Mijina ya dawo yana dariya. "Amarya, kin yi arziki. Jiya mijinki ɗaya. Yau in kika tsaya tsakiyar kasuwa kika yi kira, arba'in ne za su juyo."

Inna, mahaifiyarsa, ta jefe shi da ludayi. Ba ta gani, amma ba ta kuskure.

Dariya ya yi, amma bai taɓa amsa sabon sunan ba. A kira shi da shi yana noma, sai ya ci gaba da nomansa har a zo a taɓa kafaɗarsa. "Af, da ni ake? Ban sani ba." Ni kuwa ko ɗaya cikin biyun ban taɓa kiransa da shi ba. Kunya. Yakan tsare ni a bakin murhu ya ce, "Faɗi mana, sau ɗaya tak. Ba mai ji sai tukunya." In rufe fuska da hannun riga. Shekara biyu muka yi a haka.

Sai Ɗan Sama ya so zuwa kudu kallon furanni, kuma ba ya son girgizar hanya. Ya ce a haƙa masa kogi da hannu. Shi muke kira Rami. Da aka fara ɗiban maza, wasu suka ɗora hannunsu a kan dutse suka farfasa shi don a bar su a gida, har ana kiran irin hannun nan hannun sa'a. Mijina ya ƙi. Ya ce in ya dawo da me zai riƙe garma?

Dou mai ginin tukwane ne ya kawo mana rigar. Tare suka tafi, ya dawo da ƙafa ɗaya. Ya ce wata huɗu suna tsaye cikin ruwa har ƙugu, naman ƙafafunsu yana zuba. Gaɓar da ƙungiyarsu ta gina ta zabtare ana gobe mai dubawa zai iso. Aka ce su cike gurbin da jikinsu, aka daɓe ƙasa a kansu. Shi Dou zazzaɓi ne ya cece shi, yana kwance a bukka.

"Da safen ya lulluɓe ni da ita," in ji shi. "Ya ce zai karɓa da yamma."

Ina ɗaura rigar a kan gora a tsakar gida, sai ga Baba Pei. Shi ne shugaban gida biyar ɗinmu. Bai ko zauna ba.

"Da sunansa za ki kira shi," in ji Inna, kamar ba ta ji shigowarsa ba. "Wanda ubansa ya gaya wa kakanni ranar da ya cika wata ɗaya. Shi suka sani, shi ya sani."

"Yaya, don girman kakanninki ki rage murya," in ji Baba Pei. "Akwai dakaru a mashigi. In ya zama dole, ta raɗa shi."

"Raɗa? Daga nan zuwa Rami tafiyar kwana ashirin ce. Kai in aka raɗa maka daga bakin ƙofa kana ji, kurman banza?"

"Jikokina shida, Yaya. Ƙaramar ko yaye ba a yi mata ba."

"Ai na sani. Da hannun sa'a har biyu a gidanka. Nawa ɗan bai fasa hannunsa ba kamar ragwaye."

"Ragwayen suna gida suna shan kunu."

Inna ta kawar da fuska. Shi ma ya sunkuyar da kai, ya san ya wuce wuri. Ya juyo gare ni, ya sassauta murya.

"Miao, 'yata. Sunan da ke littafin hukuma ai shi ne sunansa yanzu. An ce har a lahira shi ake dubawa. Ki kira shi da shi. Ba suna zai bi ba, muryarki zai bi."

Inna ta laluba ta kama wuyan hannuna, farcenta ya shiga. "Kin ji ni?"

"Na ji, Inna."

"Ni fa, kin ji ni?"

"Na ji, Baba."

Gada uku ce tsakanin ƙauyenmu da mashigi. Ta gungume a bakin gari, ta dutse a tsakiyar gonaki, ta katako kusa da kogi. Na haye su duka ban gamu da kowa ba. Gonakin ciyawa ta cinye, ba masu noma. Kwaɗi suna ta kuka. Ina tafe ina juya sunan a bakina, na gaskiyan. Na rantse da shi na fito daga gida, kuma da shi na iso bakin ruwa.

Dakaru biyu ne a ƙofar bukkarsu suna gasa kifi.

"Ke mai zakara!" in ji ɗaya, wani mai faffaɗar fuska. "In kin gama da shi ki bar mana, kifin nan duk ƙaya ne."

Ɗayan ya fi shekaru, bai yi dariya ba. Ya ajiye kifinsa, ya goge hannu a cinya, ya taso.

"Wa za ki kira?"

"Mijina."

"Ba shi da suna?"

Idona ya faɗa kan wata igiya a bangon bukkar. Abubuwa biyar ne a soke a jere, sun bushe sun yi baƙi sun nannaɗe. Da farko na ɗauka ƙananan kifi ne. Harsuna ne.

Ya bi idona da kallo. "Biyu daga ciki na mata ne," in ji shi a hankali. "Masu gora irin taki. Ba na jin daɗin yi, ƙanwa. Yi kiranki mu ji."

Ya tsaya a bayana, har ina jin ƙaurin kifi a numfashinsa.

Na sauka matakalar dutse har inda ruwa ke lasa. Na fuskanci kudu. Na ɗaga gorar. Na tuna ƙaramar jikar Baba Pei, yadda take kama yatsana in na ɗauke ta. Na tuna Inna a Rami, makauniya, da kwandon ƙasa a ka. Na ce a raina, muryata zai bi.

"Shun, dawo gida."

"Da wannan muryar ko kaza ba za ki kira ba," in ji mai faffaɗar fuska.

"Shun! Dawo gida!"

Na uku ya fito da wata murya da ban san ina da ita ba. Na ji ta bi ruwa ta tafi, ta yi nisa, ba ta dawo ba.

Kwaɗi suka yi tsit. Duka, lokaci ɗaya.

Babu iska, babu igiyar ruwa, amma na ga kogin ya hau matakala ɗaya ya rufe mini yatsun ƙafa. Wani wari ya taso. Ba warin koginmu ba ne. Warin ƙasa ce ta can ciki, wadda ba ta taɓa ganin rana ba, gauraye da wani abu mai zaƙi-zaƙi kamar naman da ya kwana uku. Zakaran ya cusa kansa ƙarƙashin fiffike. A bayana na ji dakarun sun shige bukka, sun sa sakata. Kifinsu na ƙonewa a wuta ba wanda ya koma kansa.

Na juya na kama hanya, gora a hannun dama, kwando a hagu. Sauran ɗan jan haske a yamma.

Taku ashirin na yi, sai na ji shi.

Caɓ. Caɓ.

Ƙafa ce jiƙaƙƙiya, tana bina.

Ban ji tsoro ba, gaskiya. Daɗi na ji, har hawaye suka zubo mini. Na ce Baba Pei ya yi gaskiya. Na rage sauri don kar in wahalar da shi. Har magana na yi masa, ni da ban iya haɗa ido da shi ba yana raye. Na ce Inna ta dafa masa gero da wake. Na ce akuyar ta haihu biyu. Takun gajere ne, shi kuwa dogo ne mai dogon taku, amma na ce ƙafafun ne suka lalace.

Muka iso gadar katako. Falle tara ce, kowanne da kukansa.

"Shun, ga gada. Haye."

Na haye. A bayana katako ya fara kuka. Ɗaya, biyu, uku. Na ƙirga har tara, na saki numfashi.

Goma.

Sha ɗaya. Sha biyu.

Na ci gaba da tafiya. Gadar ba ta daina ba. Na kai ashirin, na kai hamsin, na daina ƙirgawa. Har hanya ta karkata na yi nisa, ina jin ta can baya tana kuka kamar ana kora garke a kanta.

Sai maganar mijina ta kasuwa ta faɗo mini: arba'in ne za su juyo.

Gorar ta fara nauyi. Wani abu mai sanyi ya gangaro ta jikinta ya sauka a wuyan hannuna, ya shiga hannun rigata. Taɓo ne. Rigar da na ɗaura a bushe take.

Yanzu ba a bayana kaɗai takun yake ba. Ina jin sa a cikin gonaki, dama da hagu, ciyawa tana kwanciya. Na kafe idona a kan hanya.

Sai suka fara raɗa.

"Wace hanya ce wannan?"

"Ba ta garinmu ba ce."

"Yi shiru, an dai kira mu."

Harshensu daban-daban. Wani irin na mutanen tudu, wani irin na masunta na gabas, wani ban ma gane shi sosai ba. Duk muryoyin a toshe suke, kamar mai magana da abinci cike da baki.

"Matar wa ce?"

"Tawa ce."

"Kai tsohon banza, ina ka samo yarinya?"

Suka yi dariya ƙasa-ƙasa. Dariyar ta fi komai muni, don irin ta maza ce a gona, ba wani bambanci.

"Yaya," in ji wani kusa da kafaɗata. Muryarsa ba ta daɗe da fashewa ba. "Akwai abinci a gidan?"

Na ce wa kaina, ko dubu ne, yana cikinsu. In yana cikinsu zan kai shi.

Ga gadar dutse. Na tsaya a bakinta, suka tsaya. Sanyinsu ya taru a bayana kamar na jingina da bangon rijiya. Na yi magana ban waiwaya ba.

"Akwai ɗan gidan Teng a cikinku? Dogo, mai tabo a gira?"

Sannan na ji tambayar ta juya baya, baki zuwa baki. Ɗan gidan Teng. Ɗan gidan Teng. Ta yi ta tafiya kamar iska cikin kara, tana ƙanƙancewa, har na daina jin ta.

Na jira. Amsa ba ta zo ba. Hasken yamma ya mutu.

"Yaya, ce mu haye."

"Sanyi, Yaya."

Wani abu ya taɓa gefen zanena, ya saki.

In na ƙi, kuma yana can baya a layi fa? In bar shi a tsakiyar gonaki, gada biyu tsakaninsa da uwarsa?

"Shun," na ce. "Ga gada. Haye."

Dutse ba ya kuka. Sai dai caɓ, caɓ, caɓ, ba iyaka.

Daga nan ban san yadda na yi tafiyar ba. Hannuna ya mutu a kan gorar. Taɓo ya jiƙa ni har haƙarƙari. Zakaran ko motsi ba ya yi, na ɗauka ya mutu. Na fara jin warin hayaƙin ƙauyenmu, sannan na hango wuta. Sai a lokacin na tambayi kaina ina zan kai su. Gida goma sha tara ne a garin. Mata, tsofaffi, jarirai, da rumbunan da ba su kai rabi ba.

Gadar gungume. A ɗaya gefen Baba Pei ne tsaye da fitilar takarda, yana jirana.

Ya ɗaga fitilar ya ga fuskata. Ya ƙara ɗagawa ya ga bayana.

Bai yi ihu ba. Zubewa ya yi a kan gwiwoyinsa, bakinsa a buɗe, yana girgiza mini kai.

Na tsaya.

Sai na ji amsar tambayata tana dawowa. Daga can nesa, daga wajen kogi, baki zuwa baki, tana ƙara ƙarfi. Ta iso. Wata tsohuwar murya ta sa baki a kunnena, na ji tsakuwa tana gogar haƙoranta.

"Dogon nan mai tabo. Yana can."

"Can ina?"

"A gaɓa. Bai taso ba."

"Bai ji ni ba?"

"Ya ji. Har ya ɗaga kai. Muka ce masa tashi, ana kira. Ya ce ba da shi ake ba."

Na ƙanƙame gorar.

"Ya ce matarsa ta san sunansa. Zai jira."

Ban yi shawara ba. Ban tuna igiya ba, ban tuna gida biyar ba. Kudu tana bayana, don haka na yi abin da ba a yi. Na waiwaya.

Sun cika hanya. Sun cika gonaki har inda hasken fitilar ya ƙare, bayan nan ma duhun motsi yake. Tsaye suke a layi-layi, yadda aka saba jera su. Daga ƙugu zuwa ƙasa ba nama. Igiyar kwando tana nan a kafaɗunsu. Ƙasa ta cika musu baki da ido da kunne, amma duk ni suke kallo.

Na ɗaga gorar sama. Na cika ƙirjina. Na buɗe baki, farkon sunan ya fito.

Hannu ya rufe mini baki.

"Kul!"

Wani hannun ya hau kan na farko. Wani ya hau.

"Kar ki faɗa!"

"Za a ji!"

"Ina da 'ya'ya a gida, Yaya, ki rufa mana asiri."

"Gida biyar. Gida biyar."

Na baya duk suka durƙusa, suka ɗora hannu a ka, kamar masu jiran bulala. Dubbai, a cikin duhu, suna rawar jiki.

An binne su da rai. Ba abin da ya rage a yi musu. Amma tsoron Ɗan Sama suke ji.

Taɓo ya shiga bakina. Ya shiga hancina.

Na yi ƙoƙarin tura sunan ta cikinsa. Ya ƙi.

Na cije. Yatsa ya ɓare a bakina kamar danyen bulo.

Numfashi ya ƙare. Idona ya fara rufewa.

Hannuna ya saki gorar.

Suka sake ni. Duka suka yi kan rigar. Na ji yadin yana yagewa, kowa yana cewa tasa ce, shi aka kira. Kwandon ya kife, zakaran ya fito ya yi cara ɗaya, aka murƙushe ta a tsakiya.

Da rarrafe na hau gungumen. Wani ya kama diddigena, takalmin ya zame ya bar shi da shi. Baba Pei ya damƙi gashina ya fizgo ni, muka faɗi tare a kan fitilar.

A ƙetare, a cikin duhu, suka taru a bakin ruwa. Rafin bai kai taku huɗu ba.

"Yaya. Ce mu haye."

Ban ce ba.

Inna tana zaune a bakin ƙofa, kwanon gero da wake a cinyarta, ta rufe shi da hannu don kar ya huce. Ta ji takunmu, ta ɗaga kai, ta shaƙi iska.

"Ina rigar?"

Ina tofar da ƙasa, ban iya magana ba.

"Wane suna kika kira?"

Baba Pei ya fara cewa, "Yaya, yarinyar nan ta..." Ta ɗaga masa hannu. Ta ajiye kwanon a ƙasa a hankali, ta laluba bango ta shiga ɗaki. Ba ta zage ni ba, ba ta sake jifan kowa da komai ba. Ba ta kai ƙarshen sanyin shekarar ba.

Suna nan har yau. Da rana ba ka ganin komai sai ƙasar da ba ta bushewa. Rana na faɗuwa warin zai taso, kuma duk wanda ya matsa kusa da gadar zai ji su. Mutanen gari sun sare wata hanya ta bayan tudu, tafiyar rabin yini zuwa kasuwa. Ba wanda ya taɓa ce mini laifina ne. Baba Pei yakan ajiye mini gero a bakin ƙofa ya tafi bai yi sallama ba. Duk abin da na sa a baki, ɗanɗanon taɓo yake yi.

An gama Rami. Masu jan jirgi sun ce Ɗan Sama sau ɗaya ya bi ta cikinsa, labule a sake, yana barci.

Sauran kayan mijina tun ranar da ya tafi na wanke su da hannuna, na ninke, don ya tarar da su da tsabta. Ba su da amfani. Amma bara waccan, ina share bayan rumbu, na tsinci ƙyallen da yake ɗaurawa a goshi in zai yi noma. Ya taurare da guminsa. Na zauna a ƙasa na rungume shi har yamma.

Bayan wata biyu mai shela ya shigo gari da ganga. Ɗan Sama ya hau sama, ɗansa ya gaje shi. Ban tsaya jin sauran ba, na ruga gida na ɗauko ƙyallen, ina neman gora. Ko matattun suna hanya, ko za su sake toshe mini baki, na ce zan gaya musu sarkin ya mutu, ba sauran abin tsoro. Na fito ke nan na ji mai shelar yana ƙarasawa. Don girmama marigayi, sunansa zai ci gaba da haramta a bakin kowa har sarki bakwai su shuɗe. Hukuncin yana nan yadda yake.

Sarki bakwai. Shekaruna ashirin da uku.

Na sa ƙyallen a ƙaramin tulu, na liƙe bakinsa don kar warin ya fita. Sau ɗaya a shekara nake buɗewa. Bana da na buɗe, sai da na daɗe da hancina a ciki kafin in same shi.

Shi kuwa na san halinsa. Yana can cikin gaɓar, jiragen hatsi suna wucewa ta gefensa, bai motsa ba. Duk wanda ya ce masa tashi, zai ce a'a. Matarsa ta san sunansa.